Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Maɓallin F1

Malam F1,

Daga Funtua nake rubuto maka, inda yawanci bisa kuskure ake danna ka: yatsa ya nufi Esc, ya sauka a kanka.

An ce taimako ne aikinka, kuma a da ka yi shi. Zamanin Windows 95 akwai 'yar alamar tambaya a saman akwatin saiti. Mutum ya danna ta, ya taɓa abin da ya ɗaure masa kai, sai gajeren bayani ya fito a kan wannan abin kaɗai. Dabarar ba wuya: masu rubuta manhaja sun ba kowane maɓalli lambarsa, suka ɗaure lambar da shafin bayaninsa, duk a cikin kwamfutar, ba ruwan kowa da intanet. Sai Office 97 ya zo da Clippy, ɗan ƙarfen maƙale takarda mai ƙwala-ƙwalan idanu, sarkin shisshigi. Ya ishi jama'a, Office 2007 ya fito babu shi. Ban yi kewarsa ba.

Amma dubi inda ka bar mu. Da kaka, sakataren wata ƙungiyar manoma daga wajen Bakori ya zauna a shagona yana haɗa lissafin buhunan masara da bashin taki a jadawalin kwamfuta. Ya tara jimla, sai gidan ya cika da #####. Gumi ya karyo masa, a zatonsa lissafin kuɗin jama'a ya salwanta, ga taro washegari. Alhali babu abin da ya ɓace. Gidan ne ya yi wa adadin kaɗan, a ja gefensa ya faɗaɗa, shi ke nan. Ya danna ka, ka miƙo masa akwatin bincike, wai ya rubuta tambayarsa da Turanci, kuma sai da data. Haba Malam! Da ya san sunan matsalar da Turanci, me zai kawo shi wurinka? A wasu kwamfutocin cinya ma, in ba a haɗa ka da Fn ba, sauti kawai kake kashewa.

Na san ba gagara abin ya yi ba. A LibreOffice har gobe Shift da F1 suna bayyana abin da kibiya ta tsaya a kai, kuma ana iya sauke littafin taimakon a ajiye a kwamfuta. Windows ma an taɓa sa masa Hausa a menu.

Don haka ka isar wa masu ƙera ka: in ɗan Malumfashi ko Dandume ya danna ka, ka duba inda kibiyarsa take, ka faɗa masa abin da ke wurin cikin layi biyu, da Hausa, ko da sabis ko babu.

Naka,
Mai shagon buga takardu, Funtua