Gizo da Ɗakin Mai

Ga ta nan, ga ta nanku.

A Gwiwa ta ƙasar Kazaure, wata mai fanke ta kwaɓa fulawa da suga, ta barbaɗa yis, ta rufe kwano ta kwanta. To, cikin kowace ƙwayar yis ɗin nan akwai gari guda da fadarsa, sai dai ido ba ya ganinsa.

A bayan fada akwai ɗakin da ake daddatsa mai ya zama abinci. Aiki ne mai cin rai, sai an ƙera wuƙaƙe, an kafa bukkoki. Don haka muddin suga na shigowa gari, Kura na kwance a bakin ƙofar.

Ana nan sai ga Gizo da kwalbar man gyada. Ya durƙusa ya ce, "Yanki ya daɗe, ga mai na kawo, a buɗe a sayyafa."

Kura ta yi hamma ta ce, "Kai Gizo, wa ke barin tuwo a gabansa ya tafi surfe? Ɓace min."

Gizo ya zaga wajen kurciyoyi biyu masu riƙe da igiyar ƙofa, Hasana da Usaina. Hasana ce mai hanci. Ta shinshina ta ce, "Malam Gizo, manka mai kyau ne. Amma ko mun ja, Kura na danne da ƙofa, kuma Zakara bai yi cara ba."

Ya je ga Zakara, Zakara ya ce shi ba ya cara sai Kurege ya taɓa shi. Ya je ga Kurege, ya tarar yana ta minshari. Ya yi tsawa, ya ja wutsiya, a banza. Shi Kurege yunwa kaɗai ke tashinsa. Gizo ya yi fushi, ya kai kwalba gida ya tura ƙarƙashin gado.

Da dare ya raba suga ya ƙare. Kurege ya farka firgigit, ya fatattaki Kura, ya taɓa Zakara. Zakara ya yi cara, amma ƙofa faɗin yatsa kawai ta buɗe, don babu ƙamshin mai a gari. Gizo kuwa, kun san hali, ya yi barci.

Ƙoƙi matar Gizo ce ta jawo kwalbar ta kai. Hasana ta ji ƙamshi, ta kama hannun Usaina, suka ja tare, ƙofa ta buɗe wangame. Kafin asuba bukkoki sun cika gari, wuƙaƙe na ta aiki. Da safe Gizo ya ce ai dabararsa ce.

Ƙurunƙus kan kusu.

Masana sun san waɗannan dabbobi da wasu sunaye. Kurege shi ne Snf1, Zakara Adr1, Hasana da Usaina kuwa Oaf1 da Pip2. Kura ita ce danniyar da suga ke yi wa ƙwayoyin halitta irin su POX1, FOX2 da POT1, waɗanda ake ƙera wuƙaƙen daga umarninsu. Bukkokin ana kiransu feroksisom. A 1987 masana a ƙasar Holan suka nuna cewa bukkokin suna yawaita idan aka ciyar da yis da sinadarin oleyik, wanda shi ya fi yawa a man gyada. A kwanon mai fanke ta gaskiya kuwa, kafin suga ya ƙare ƙullu ya shiga kasko.