Lamba 43 Da Aka Sako Mini a Mota

Tun da na fara sayen takalmi da kuɗina lamba 43 nake sawa. Masu takalma na kasuwar Ikara sun sani, na Makarfi ma sun sani. In na tsaya a rumfa ba a tambayata, ɗaukowa ake yi a ce, "Malam, gwada wannan." In ya matse a canza, in ya yi a shiga ciniki. Ƙafata ƙafar manomi ce, mai faɗin gaba da kaushin dunduniya, ta sha lambun tumatir ta sha fadamar rake, kuma ba ta taɓa jawo mini magana ba sai da aka haɗa ta da wayar salula.

Bikin wani abokina ne ya taso a Hunkuyi. Abokan ango suka fitar da anko: farar riga, baƙin wando, farin kambas. Na ce ni da furfura ta fara leƙowa a gemu a bar ni da sau-cikina, aka ce ba a yarda ba, hoto za a ɗauka. Ɗan yayata, yaron da ko tuwo yake ci hannu ɗaya na kan waya, ya ce, "Kawu, wa ke wahalar zuwa Zariya yanzu? Ga wani a Kano, a WhatsApp yake baje kayansa." Ya miƙo mini hoto. Takalmi fari fat a kan gilashi, fitila na haska shi ta ƙasa, ga zane uku a gefe irin na Adidas.

Aka kira mai kaya. "Alhaji," in ji shi, "orijinal ne, jiya aka sauke. Saura ƙafa biyu kacal, yanzu ma wani ke kirana a kai." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma mutumin da ya ba ka hajji kyauta da wuya ka tsananta masa. Daga Naira 25,000 muka sauko 18,000, ya ce albarkacin furfura ya sallama. Na ce lamba 43. Ya ce, "An gama." Na je wurin mai POS na zube kuɗin tumatir, aka tura, ya ce alat ya shigo.

Ina jin labarin cewa a Kano da Kaduna har ƙofar gida ake kawo wa mutum kaya, ya duba sannan ya biya. Mu a Saulawa tsarinmu dabam ne: ka biya tukuna, a saka maka a mota, a turo maka lambar direba, sauran kuma addu'a. An yi da direba zai ajiye a Tashar Yari. Na hau babur na je na zauna a rumfar mai rake, ina kallon kowace mota da ta fito daga Kano. Da na gaji na kira, sai ya ce, "Ai wallahi Malam na sha'afa, ga ni a Kwangila." Washegari kayan suka dawo a motar barkono. Kwalin ya lotse, duk wanda ya taɓa shi sai ya yi atishawa.

A tsakar gida na buɗe, yara sun kewaye ni. Abin da ya fara fitowa wari ne, warin gam mai hawa kai, kamar ka leƙa rumfar mai faci da tsakar rana. Maiɗakina ta toshe hanci da gefen mayafi. Farin ma ba irin na hoto ba ne, ya ɗan yi ruwan toka. Autana mai koyon ƙirga ya sa yatsa a gefen takalmin ya ce, "Baba, ɗaya, biyu, uku, huɗu." Na ce masa ƙari aka yi mana.

Sai gwaji. Yatsu suka shiga, tafin ƙafa ya shiga rabi, dunduniya ta tsaya a waje ta ce ita ba da ita ba. Na kwance igiya duka, na cire safa, na sa bayan cokali. Ɗan yayata ya kawo shawarar a sa wa ƙafar leda don ta zame. Ta zame kuwa, ta shige, amma babban yatsana ya lanƙwashe a ciki, na miƙe tsaye na ji hawaye na taruwa ba tare da an yi mini rasuwa ba.

Maƙwabcina malamin lissafi ne. Ya karɓi takalmin, ya ɗaga harshensa, ya karanta 'yar takardar da ke manne a ciki, sannan ya yi dariyar da ban ji daɗinta ba. Ya ce lambar takalmi ba ɗaya ba ce a duniya. Irin su 42 da 43 lissafin Turai ne, daga Faransa ya fito, tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku na santimita. Mutanen Ingila kuma da sulusin inci suke hawa, ma'aunin da suka ɗauko daga tsawon ƙwayar sha'ir. Na Amurka, a takalman maza, yakan ɗara na Ingila da kusan lamba ɗaya. 'Yan ƙasar Sin su tsawon ƙafa suke rubutawa kai tsaye da milimita. Mai 43 na gaskiya ya kamata ya nuna wajen 270 zuwa 275. Nawa 260 aka rubuta. Wato sun buga 43 da manyan baƙaƙe, suka faɗi gaskiya a ƙasa da ƙanana. Ya sa na taka takarda ya zana ƙafata da biro, ya ɗora rula: 27 da rabi. Ya ce da yamma ake awo, lokacin da ƙafa ta kumbura da yawo, kuma a bar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Da an ce wa mai kaya ya zaro shimfiɗar cikin takalmin ya auna ta a bidiyo, da magana ta ƙare. Ni dai a ganina, ƙasashe huɗu manya da suka kasa daidaita baki a kan ƙafar ɗan Adam su ya kamata a tuhuma.

Ya kuma ba ni labarin Putian, wani birni a lardin Fujian na ƙasar Sin, inda tun shekarun 1980 ake ɗinka wa manyan kamfanoni kambas, har mutanen garin suka ƙware suka shiga yin kwaikwayo. Ya ce jabun ma aji-aji ne, akwai wanda sai gwani ke ganewa. Nawa yaro ɗan shekara biyar ya gane shi.

Na kira Kano. "Alhaji, ai sabon takalmi sai ya saba da ƙafa. Ka yi ta sawa, zai buɗe." Na ce zane huɗu fa? Ya ce sabon samfuri ne. Na ce a canza. Sabis ya ɗauke, kuma har yau bai dawo tsakanina da shi ba.

Wani dattijo a majalisarmu ya ce a zamaninsu wake ake cika takalmi da shi a zuba ruwa, in ya kwana ya kumbura sai fata ta buɗe. Ban tsaya tunanin cewa nawa ba fata ba ne. Na auni wake na ɗura, na jiƙa, na ajiye bayan ɗaki. Da asuba kaji suka tashe ni. Waken ya yi aikinsa: takalmin ya buɗe, sai dai ta ƙasa ya buɗe, tafin ya rabu da jikin ya wangale baki, kajin unguwa suna walima a ciki.

Shumekan bakin kasuwa ya juya shi, ya lanƙwasa tafin da yatsa biyu ya naɗe ba gardama. Ya ce, "Malam, na kirki a wajen yatsu kawai yake lanƙwasuwa. Dubi nan, wannan ba ɗinki ba ne, zanen ɗinki ne aka yi a jikin roba." Ya sa basilla da baƙin zare ya zagaye shi, don farin zarensa ya ƙare. Ɗinkin ya ƙara cinye ɗan wurin da ya rage.

Haka na je Hunkuyi, da leda a ƙafa, ina taku ɗaiɗai, mutane na cewa Malam ya iya ƙasaita. A hoto na tsaya can baya. Da aka kira la'asar na cire don alwala, ƙafar ta sha iska ta ƙi komawa. Abokan ango biyu suka riƙe ni, na uku na turawa, ladan na kallo. Da silifas ɗin alwala na aro na ƙarasa bikin, ɗaya shuɗi ɗaya kore.

Da na dawo, ɗan yayata ya zo yi mini jaje. Yana cikin jajen ya zura ƙafarsa a takalmin, ta shige cif, ko leda bai nema ba. Na kira malamin lissafi da rularsa. Ƙafar yaron 26 daidai. Ya ce, "Kawu, ikon Allah ke nan." Ranar kasuwar Ikara da shi ya tafi, kuma kafin ya fita ya tsaya nuna mini hoton wani agogo.