Zuwa ga Saƙon "Kayanka Sun Iso"

Ranka ya daɗe,

Aikenka ya shigo wayata tun kafin ladan ya gama kiran asuba, wai akwai ƙunshina da ya maƙale a hanya saboda adireshina bai cika ba. Na gode da wannan ɗawainiya. Sai dai rabona da sayen kaya ta intanet tun kafin azumin bara, kuma dangina na ƙasar waje iyakarsu Maraɗi. Su ma in za su aiko da kilishi, direban tasha suke damƙa wa, ya bugo min waya in je in karɓa.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙin halinka. Naira 500 kacal ka nema, kuɗin da ko mudun shinkafa ba zai kai ba. Da na latsa adireshin intanet da ka turo, sai ga shafi da tambarin wani babban kamfanin aika kaya, launi da komai tsaf, illa dai an saƙala harafi ɗaya a cikin sunan, kamar baƙon da ya shiga layin walima. Daga nan ka hau tambaya kamar waliyyin amarya: lambobi 16 na gaban katin ATM, ranar da katin zai daina aiki, da lambobi 3 na bayansa. Ka kuma ce yanzu banki zai turo min wata lamba, in rubuta maka ita.

Haba malam! Ai wannan lambar ita ce mabuɗin rumbu. Banki da kansa ba ya tambayarta, balle mai kawo kaya. Ɗan aike na gaskiya kwatance yake nema: bayan masallacin Juma'a, gida na uku daga mai shayi. Ban taɓa jin ya ce in juya masa bayan kati ba.

Ga kuma barazanar cewa cikin awa 24 za a mayar da kayan. Ka san mai gaggawa ba ya karanta sunan shafi, shi ya sa kake kora mu kamar awaki.

Ka gaishe min da ƙaninka mai babur, wanda ke sallama a ƙofar gida da kwalin kyauta, ya ce kuɗin kawowa sai da kati, ba ya karɓar tsaba, ya miƙo na'urarsa yana ƙare wa yatsun mutum kallo. Maƙwabcina da ya amsa maka makon jiya kuwa, Allah ya taimake shi ya kira bankinsa aka toshe katin kafin ka gama kwasa. Yanzu ko ɗansa ya aiko saƙo sai ya bugo ya ji muryarsa.

Ni dai na toshe lambarka. Ƙunshin kuma na bar maka shi halak malak.

Naka,
wanda bai yi odar komai ba.