Kazar Shagari Low Cost da Sha'anin Katanga

Sa'ad da gwamnatin Shehu Shagari (1979 zuwa 1983) ta tsara rukunin gidajen da ke ɗauke da sunansa a Yola, babu alamar an tuntuɓi kaza, shi ya sa har yau ba ta amince da katanga a matsayin iyaka ba, tana kwana a akurkin mai ita, tana karya kumallo a gidan maƙwabci. Sabon mai kiwo yakan tsorata idan ya ga tana birgima cikin ƙasa, alhali wanka take yi don kakkaɓe ƙwarin jikinta. Haka kuma buɗe baki da sakin fukafukai a zafin Afrilu, wanda kan haura digiri 40, neman inuwa da ruwa ne, tunda kaza ba ta gumi. Kwanci, wato zaman kwana 21 a kan ƙwai, shi ne kaɗai aikin da take yi a gida, da faɗa kuwa. Abin tsoro na gaske annobar Niyukasil ce mai zuwa da hunturu, wadda barkono a ruwan sha ba ya hanawa, sai rigakafi irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa.