Dusar Ƙanƙara a Sabon Gari

Wani maƙwabcina Kirista, wanda ko zaɓen matar aure bai ɗauke shi dogon nazari ba, ya ja ni kasuwar Sabon Gari ta Kano ana saura mako guda Kirsimeti, domin sayen takardun da 'ya'yansa za su yayyanka su ƙawata ɗaki. Da isarmu sai ya shiga ɗaga kowane falle yana dubawa a hasken rana, yana shafawa, yana jinjinawa, kai ka ce alƙali ne ke tahƙiƙin takardar gado, har mai shago ya je sallar azahar ya komo ba a yanke hukunci tsakanin ja da kore ba. Almakashi ma sai da ya ci jarrabawa. Gam kuwa, aka yi ittifaƙi a dama sitaci a gida.

Daga bisani ya zaɓi fara fat, wai za a yanka dusar ƙanƙara irin ta Ingila.

Aka yanka, aka rataya a taga. Hunturu, da yake ba a yi shawara da shi ba, ya dage da aikinsa, ranar 25 ga Disamba dusar ta wayi gari launin ƙasa. Maƙwabcina ya dube ta ya ce, "Malam, ai ta zama 'yar gari."