Kwamfuta Ba Ta San Auren Zumunci Ba

Na ji ku, dattawan gindin bedi na Gidan Rumji. Wai yaron da aka tura karatu ya dawo yana kokawa da kwamfuta har asuba, a kan sauyin ƙwayar gado da ko mutum 1 cikin 100 ba ya ɗauke da shi. Haba Baba! Kai da ba ka biyan kuɗin tiyar hatsi sai ka tsince tsakuwa, ni za ka yi wa dariya?

"Mu sikila muka sani," in ji ku. Ita ai ba ta ɓuya ba; waɗanda suka ɓuya nake nema. A 2020 masu binciken H3Africa sun duba mutum 426 kacal daga sassan Afirka, suka ci karo da sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Ga abin da ya hana ni barci. Excel ɗinmu na Faransanci 0,5 yake rubutawa, da waƙafi, ita kuwa manhajar R ɗigo take jira. Sai ta cije kamar jaki a bakin gulbi. Maganin? A rubuta read.csv2 maimakon read.csv. Kwana biyu kafin in gano. Ku dara, na yafe.

Manhajar PLINK kuma, a wurinta 1 lafiyayye ne, 2 majinyaci, 0 ba a sani ba. Ni da wayona na sa 0 da 1. Ta zubar da lafiyayyun, ta sallami majinyatan kaf, ba allura ba ƙwaya.

Waɗannan da sauƙi, don suna ihu. Mai shiru shi ne mugun. Gwajin SKAT na 2011 yana ɗauka mutanen da ka ba shi ba su da dangantaka. Daga Tibiri zuwa Cadakori? Inda ɗan wa ke auren 'yar ƙane? Majinyata biyar za su fito da sauyi iri ɗaya, ka yi tsalle ka gano sanadin cuta, ashe kakansu ɗaya ka gano. Manhajar ba za ta ce uffan ba, sai ka koma irin su SAIGE-GENE masu lissafa kusancin jini.

Goggo, ke da kika ce zaman banza nake, ke kaɗai kika san wa ya haifi wa a zuriyar nan. Gobe ina tafe da littafi da goro, kada ki ce kin tafi biki.