Kowa Gwani Ne, To Wa Ya Ɓata Injin?

In kana son ganin irin baiwar da Allah ya yi mana, ka tsaya a bakin titi a Kano ko Kaduna, ka tambayi hanyar wata unguwa da kai da kanka ka ƙirƙiro sunanta. Ba za ka tashi a tutar babu ba. Na farko zai ɗaga kai sama, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ka miƙe sambal, in ka kai shataletale ka karya hagu, za ka ga wani masallaci." Wace kwana ce a Kano babu masallaci? Na biyu zai ƙaryata shi, ya tura ka dama. Mai shayin da ba a sa da shi ba zai tsoma baki, ya ce ai an canza wa unguwar suna tun zamanin Audu Baƙo. An ce matambayi ba ya ɓata, amma da alama lokacin da aka yi wannan karin maganar akwai sauran masu iya cewa "ban sani ba."

Mu dai ba a haihuwar ɗan koyo a gidajenmu. Ana yanke cibiya jariri ya riga ya san siyasa, ya san maganin basir da na shawara, ya kuma san ɗan wasan da ya kamata kocin Kano Pillars ya cire tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Abin da ya rage masa kawai ya girma ya samu majalisar da zai zauna ya yi bayani.

Dubi abin da ke samun wanda ya yi gangancin bin ƙa'ida. Bawan Allah ya je makarantar koyon tuƙi, ya karɓi takardar izinin koyo, ya manna jar L gaba da baya yadda doka ta ce. Ya iso danja ya tsaya. Aka ba da hannu, ya saki kuloci da sauri, mota ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Kafin ya kai hannu ga makulli an rufe shi da ham ta ko'ina.

"Kai lana! Mayar wa mai ita!"

"Malam, in ba ka iya ba ka nemi jaki mana!"

Har yaro mai tallar ruwan leda, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, sai ya leƙo ta taga ya ba shi shawara a kan giya. In kuwa mace ce a bayan sitiyarin, to ranar kowa ya samu abin yi, har wanda ya riga ya wuce sai ya rage gudu ya waiwayo ya ce, "Hajiya, a koma kicin!" Gumi ya jiƙe wa ɗan koyo riga, ƙafa na rawa, ga malamin tuƙin a gefe ya sunkuyar da kai kamar bai san shi ba. Da ya koma gida abin da zai fara yi shi ne ya ɓamɓare L ɗin nan ya jefa a kwata. Gobe zai fito a matsayin ƙwararre, kuma ba wanda zai ƙara ba shi tazara.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya a wurin kuwa ɗan adaidaita ne, wanda shi jiya da magariba ya yi nasa karatun a filin firamare: abokinsa ya nuna masa totur, ya nuna masa birki, suka zaga fili, aka shafa fatiha. Da asuba ya ɗauki mata huɗu da buhun masara ya nufi Kurna. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja, ɗimbin matasa suka sauka daga ƙafa biyu suka hau ƙafa uku, kuma kafin wata ya zagayo duk sun zama gwanaye. Sigina ma ba sa buƙatarta, ƙafa ko haɓa ta isa nuna inda za a karya.

Sau ɗaya ƙasar nan ta taɓa yi wa 'yan koyo adalci. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, yadda maƙwabtanmu Nijar da Cadi da Kamaru suke yi. Da safiyar wannan rana direban gwamna da direban gingimari da mai keken haya duk lana ne, ba wanda ya isa ya yi wa wani gori. Ba a gama warwarewa ba, ranar 1 ga Janairu, 1973, aka zo da naira da kwabo. Attajiran Kurmi da suka tsufa suna lissafi da fam da sule da sisi da taro suka koma ƙirga yatsu: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Amma ka je ka tambayi dattawan da suka ga lokacin. Kowannensu zai gaya maka shi bai ruɗe ba ko na minti ɗaya, hasali ma shi ya koya wa mutanen layinsu. Waɗanda aka koya wa ɗin ne har yau ake cigiya.

Sai kuma farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, aka wayi gari mai ƙosai ma tiransifa take karɓa. A nan ne idon Alhaji ya raina fata.

Alhaji yana da waya ta gani ta faɗa, irin wadda ake shafawa, ɗansa ya aiko masa daga Abuja. Abin da ya iya da ita biyu ne: amsa kira, da ajiye ta a kan tabarma yadda kowa zai gani. Ranar da ya zama dole ya tura kuɗin siminti, sai ya zaro ta ya ƙura mata ido, ya matso da ita, ya nisanta ta, sannan ya yafito wani yaro da bai taɓa gani ba.

"Samari, zo duba mini nan. Na baro tabarauna a gida."

Ga tabarau kuwa a aljihun gaba, har hannunsa ya leƙo waje. Yaro ya ce, "Baba, sai an sa lambar sirri." Alhaji ya karanto masa ita da ƙarfi, lamba bayan lamba, har mai goro na tsallaken titi ya haddace. Ya fi masa sauƙi ya damƙa asusunsa kacokan a hannun baƙo da ya zauna rabin awa a nuna masa inda ake dannawa. In ya je injin cirar kuɗi ma haka ne. Layi ya miƙe a bayansa, wani matashi ya ce, "Ranka ya daɗe, ko a taimaka?" Alhaji ya juyo ya dube shi sama da ƙasa: "Tun ba a haife ka ba nake hulɗa da banki." Ya danna, ya sake dannawa, a karo na uku aka rufe katin. Ya gyara babbar riga ya sanar da jama'a cewa babu netwok. Wannan netwok, Allah ya saka masa. Rabin laifin da ake ɗora masa a ƙasar nan na yatsunmu ne.

Mutum ɗaya ne Alhaji zai iya zama gabansa ya koya, shi ne jikansa. Ɗansa na fari ko sunansa ba ya faɗa, balle ya ce masa "nuna mini." Jika kuwa abokin wasa ne, duk abin da ya faɗa a wasa ya tafi.

"Tsoho, sama ake sharewa, ba lasar yatsa ake yi ba. Littafi ka ɗauka?"

"Ja'iri! Ni da na yi fataucin goro har Kumasi ubanka yana goye?"

A haka, cikin zagi da dariya, ake samun ɗan abin da ya shiga. Sai dai jika yana makaranta da rana, 'yan damfara kuwa da rana suke kira. Murya mai daɗi ta ce daga banki ne, za a rufe asusu in ba a karanto lambar da aka turo yanzu ba. Wanda ya saba tambaya zai ce bari in tambayi wani. Alhaji ya riga ya shaida wa duniya ya iya, saboda haka shi kaɗai zai yanke hukunci, kuma shi kaɗai zai ji ƙarar fitar kuɗin.

A cikin gida ma ba a tsira ba. An kai amarya da kayan kicin ɗaki guda, tukwane jeri-jeri, abin markaɗe, murhun gas mai baki huɗu. Kwana kaɗan sai ga dangin miji sun zo ganin ɗaki, wanda kowa ya san ganin tukunya ne. Aka sauke tuwo, aka samu gudaji biyu a malmala. Ba wadda ta ce uffan, sai murmushi da "sannu da aiki, amarya." Kafin sallar isha'i labari ya kai Gusau. Shi ya sa amaryar yanzu ta yi wayo: a aika almajiri gidan abinci ta ƙofar baya, a juye a kula mai kyau, a ɗan barbaɗa albasa a kai. Ango ya san ɗanɗanon sarai, don a can ya yi zaman gwauranci, amma zai sa albarka ya yi shiru. Surukar da ta fi kowa taɓe baki kuwa, da za a tono tarihinta, ita ma da ƙanzo ta fara. Shi kuma angon, wa ya taɓa koya masa zama da mace? Babu. Amma ka ji shi a majalisa bayan sati biyu yana ba tuzurai fatawa.

Wajen sana'a abin ya fi tsada, don da kayanka ake yin karatun. Yaro ya yi sati biyu a shagon gyaran waya, an fara kiransa Injiniya. Ya buɗe wayarka, ya hura mata iska, ya goge da buroshi, ya rufe, ƙananan kusoshi biyu suka ragu a kan tebur. Ka nuna masa, ya ce ai kamfani ne yake sa su don ado. Tela kuma, tun da aka fara ɗinki a ƙasar Hausa, an taɓa jin wanda aka nuna wa hoto ya ce wannan ya fi ƙarfina? "Wannan? Ai shi muke yi kullum." Ranar jajiberin salla ka karɓi riga mai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya ce kafaɗarka ce a karkace. A 2024 kuwa muka ga samarin da suka kwana suna daddanna wani ɓera mai suna Hamster a waya, kowannensu ya zama masanin kirifto mai almajirai. Ranar da aka fara biyan kuɗin, wasu ko kuɗin datar da suka ƙona ba su mayar ba.

Abin mamaki, ba gadonmu ba ne. A tsangaya kowane mataki da sunansa, kuma ba a tsallake. Yaro zai fara a kolo, yana bin babbaƙu harafi-harafi a allo kafin a kai shi farfaru. Daga nan ya zama titibiri, ya zama gardi. Ba a ce wa mutum alaramma sai ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka, gwani kuwa yana can gaba. Kolo ba ya jin kunyar zama kolo, don gwanin da ke zaune a kan buzu ma ta nan ya bi, kowa kuma ya sani. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa, an ruwaito cewa an taɓa yi masa tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Malamin Madina ke nan, wanda ake niƙo gari daga ƙasashe don a zauna gabansa. Da a majalisar unguwarmu aka kawo tambayoyin nan, da an amsa 60.

Kakanninmu ma sun fi mu ƙarfin hali. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, magidanta masu gemu sun zauna a tabarma da yamma suna bin a, ba, ca da baki, don su iya karanta wasiƙarsu da Gaskiya Ta Fi Kwabo ba sai an karanta musu ba. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, dattawa da matan aure suka cika azuzuwa. Su ne suka ce gemu ba ya hana ilimi, kuma suka zauna da gemun nasu a gaban allo. Mu muka gaji maganar muna rubutawa a bayan mota.

Ni dai a ganina mai cika baki ba shi ne babban mai laifi ba. Laifin na 'yan kallo ne, wato ni da kai. Mu muke yi wa mai L ihu, mu muke kai labarin gudaji Gusau, mu muke ƙyalƙyala dariya in wanda ya fara koyon Turanci ya karya harshe, alhali namu Turancin ma da sanda yake tafiya. Mutum ya ga abin da aka yi wa wanda ya ce bai iya ba, ya ga kuma wanda ya yi ƙarya an kira shi Injiniya, wanne kake so ya zaɓa? Telan da zai ce maka "wannan ban taɓa yi ba, amma in ka yarda in gwada a kan ƙyalle" ya cece ka yadi biyar na shadda. Amma kai ne za ka fara tattara kayanka ka kai wa maƙaryacin da ke kusa da shi.

Saboda haka in kun ga mota ta mutu a danja, ku ɗauke hannu daga ham, minti ɗaya ba zai hana ku arziki ba. In tuwon amarya ya yi gudaji, Gwaggo, ki shiga kicin ɗin ki nuna mata yadda ake talge, ki bar wayar a jaka. Kai kuma Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, tabarau yana aljihun gaba, duk muna hango shi. Ka sa shi, ka kira jikan nan, ka zauna a nuna maka.